Tafinta a Poli

Jaka biyar a yini suka ɗauke ni,
in kwaso Faransanci daga bakin Madam Ngono
in juye shi Hausa, in an nema Fulatanci,
a ƙarƙashin ɗorawar da ke bayan ma'aunin auduga.
Daga Garwa suka zo, farar mota biyu,
da takardu masu hoton yara suna dariya,
da lemon kwalba da ya yi zafi a hanya.

Ta ce dutsen can yana da yuraniyom a ciki,
abin da ake kunna fitilun birane da shi.
Wannan ban sha wuya ba.
Sai ta faɗi wata kalma
wadda ba ta da ɗaki a harshenmu.
Na ce, haske ne da ido ba ya gani.
Tsoho Hamajam ya ce, to ai aljani ke nan.
Na ce, zafi ne marar wuta.
Wani daga baya ya ce, bashi ma haka yake.
Aka kwashe da dariya. Ni gumi nake yi.

Ta ce haɗarin kaɗan ne.
Hurera mai daddawa ta miƙe,
shatin igiyar guga bai bar tafinta ba.
Ta ce, Sallau, tambaye ta, wane kaɗan?
Kaɗan na gishiri a miya,
ko kaɗan na kunama a takalmi?
Rijiyar nan kakana ya haƙa.
Bayan shekara talatin, in ruwan ya sauya hali,
rigar wa zan kama?

Madam ta buɗe takarda ta rufe.
Amsar ba ta cikin hoton yara.
Ta daɗe tana duban ƙasa,
har na ji kukan akuya daga kasuwar shanu.
Sannan ta ce, ban sani ba tukuna.

Mai baƙar kwat ya taɓa mini gwiwar hannu,
ya raɗa: gyara ta.
Na iya gyara. Ubana tela ne,
na san yadda ake ɓoye yaga a cikin kalmasa.
Ina da yara uku a makaranta,
jaka biyar ba ganye ba ce.
Amma tulun uwata ma daga rijiyar nan yake cika.
Na ce, jama'a, ta ce ba ta sani ba.

Shiru.
Hamajam ya ciro goro ya ɓare,
ya ce, tun safe sai yanzu aka yi magana.

Aka tashi daga benci aka nufi rijiya.
Madam ta fito da na'urarta mai ƙyas-ƙyas,
ta kara ta a bakin guga, a laka, a dutsen wanki.
Hurera ta ce, ba ni.
Ta ba ta.
Ta nuna mata inda lamba ke fitowa,
da lambar da in an wuce ta, a daina sha, a kira.
Ta rubuta lambar wayarta a bayan hoton yara,
tata ta gida, ba ta ofis ba.
Motoci suka koma Garwa, na'urar ba ta bi su ba.

Ba a sake nemana ba.
Na ji an ɗauko wani yaro mai santsin baki.

Amma duk ranar kasuwa, kafin a kasa daddawa,
Hurera kan tsuguna a bakin rijiya,
ta saurari ƙyas-ƙyas kamar mai jiran numfashin jariri,
ta rubuta lamba da gawayi a katangar gidanta.
Layin ya kai taga yanzu.
Ba wanda ya ce i. Ba wanda ya ce a'a.
Jiya na wuce, ta ce, Sallau,
batir ya kusa ƙarewa.
In ta aiko da sabo ba mu roƙa ba,
a nan za mu fara sanin wace ce.